Hantar da Baba Dakta Yake Saye

Ina cikin aji a Zonkwa wani mai babur ya leƙo ta taga ya ce Baba Dakta Ishaya ya rasu. Kafin in isa Kafanchan, maganar da nake tsoro ta riga ni: wai abin da yake ɓoyewa a ɗakin baya ne ya cinye shi.

Ni tsohon ɗalibinsa ne, na san ɗakin. Tun da ya bar koyarwa a jami'a ya dawo gida, kowace safiya yakan je mayanka da kwanon ƙanƙara ya sayi hanta mai ɗumi wurin Malam Sale mahauci. Lokacin garin bai gama hucewa daga rikici ba. Ga shi dattijon coci, yana sayen hantar da ba a taɓa ganinta a miya ba, kuma daga hannun Musulmi. Mutane suka ƙulla abin da suka ƙulla.

Gaskiyar ita ce, daga hantar yake tatso sinadaran da ke narkar da tsofaffin furotin a jiki, yana gwada ruwan cittar Kwoi a kansu. Yakan ce, "Kowace ƙwayar jiki tana da injin niƙa shararta. In muka tsayar da na ƙwayar ciwon daji, shararta ce za ta shaƙe ta." Bai yi nasara ba, bai kuma taɓa cewa ya yi ba. Ciwon da yake farauta shi ne ya kwantar da shi.

A wurin makoki ƙaninsa Danladi ya ce wa Mama Rifkatu, matar marigayin, "Mama, kaya na ɗakin nan duka sai a fitar, a yi addu'a. Ba mu san menene a ciki ba." Allah ya yafe mini, amma na lura idonsa na kan firji da janareto.

Ana haka Malam Sale ya shigo gaisuwa. Ba wanda ya matsa masa a benci. Mama Rifkatu ta miƙe, ta buɗe ɗakin baya a gaban kowa, ta ɗauko kujerar aikin mijinta ta ajiye masa. Ta bar ƙofar a buɗe. Duk masu maganar, ba wanda ya leƙa.

Ubangiji ya karɓi bawansa Ishaya cikin salama, ya wanke sunansa a bakin mutane. Ya ta'azantar da yaransa, ya tsaya wa Mama Rifkatu ranar da baƙi za su watse, ya rage sai dangi.