Ranar da Kaka Ta Ci Miyondo

Har yau idan na ratsa kasuwa na ji tsamin jiƙaƙƙen rogo yana tashi daga cikin dafaffen ganye, sai in tsinci kaina a lungunmu na unguwar New Bell, ina 'yar ƙarama, da roba a ka. Kai da ba ka zauna Douala ba, wataƙila ka toshe hanci. Ba zan ga laifinka ba, don Kakata ma shekara da shekaru ta yi tana toshe nata.

Miyondo ake ce masa. Rogo ne ake jiƙawa har ya yi tsami, a daka shi ya yi laushi, a naɗe shi siriri a cikin ganye, a ɗaɗɗaure, a dafa. Kaka, wadda aure ya kawo ta daga arewa tun tana yarinya, ba ta taɓa sa shi a baki ba. Cewa take abincin da sai an kwance shi kamar kayan sata ba da ita ba. A gidanmu mutum ɗaya ce ta iya yin sa, matar Baffa, ƙanen Babanmu, wadda muke kira Tanti. 'Yar nan kudu ce, ta musulunta kafin aurensu, Hausarta rabi Faransanci. 'Yarta sa'ata ce, kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, dukanmu ma ɗaya idan mun yi ɓarna.

Baffa ya rasu a farkon wata damina. Daminar Douala kuwa ba ta san ta'aziyya ba. Ruwa ya yi ta zuba, bango yana gumi, takalma suna fumfuna a ƙarƙashin gado. A cikin wannan danshin Tanti ta yi takabarta. Tana fita, yayyenta suka zo daga unguwar PK 14 da ke gefen gari, suka ce ta tattara ita da 'yarta ta koma cikin danginta. Babanmu ya yi shiru, kada a ce ya riƙe 'yar mutane. Kaka ma ta yi shiru, irin kawaicin nan namu da muke taƙama da shi. Tanti ba ta tashi cikin kawaici ba, sai ta ɗauka shirun yana nufin an gaji da ita. Ta ce wa yayyenta su ba ta ɗan lokaci. Ni dai tsoro ya kama ni, don na san idan ta tafi, da 'yar'uwata za ta tafi.

A lokacin ne mazan unguwa suka tashi gyaran masallacinmu. Na katako ne da rufin kwano, kuma ƙasa yake da hanya, da an yi ruwa sai a naɗe tabarmi a rataye, a yi salla a tsaye cikin taɓo ko kowa ya yi a gida. Baffa ne ya fi kowa nacin a ɗaga shi da bulo, Allah bai nufa zai gani ba. Aka sa ranar gayya, aka ce mata su yi wa masu aiki abinci. Kaka ta sa aka tuƙa tuwo. Maƙwabta suka yi masa da kunu. Tanti kuwa ta jiƙa rogonta, ta daka da kanta har tafin hannunta ya yi ja, ta zauna tana naɗewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ne aiki na farko da na ga ta yi da kuzari tun rasuwar. Ta ce da mijinta yana nan, da shi zai fara ɗaukar bulo.

Ni da 'yarta muka kai. Yawancin masu aikin samari ne 'yan kasuwa, sababbin zuwa daga Najeriya, ba su taɓa ganin miyondo ba. Ɗaya ya ɗaga murfin robar miyondon ya sunsuna, ya yamutsa fuska ya ce abin nan ya lalace. Ya ture robar gefe, babu wanda ya sake waiwayarta. Tuwo ya ƙare, masa ta ƙare. Bayan la'asar aka ba mu kwanuka wayam, robar Tanti kuma da nauyinta kamar yadda muka kawo.

A wurinmu kwano ya dawo a cike magana ce, kuma Tanti ta zauna da mu har ta san haka. Ta ɗaga murfin, ta mayar. Ta ce, “Ça va, ba komai.” Ta shige ɗaki. Can muka ji ƙarar akwati ana jawo shi daga ƙarƙashin gado. 'Yar'uwata ta dube ni, na dube ta, muka fashe da kuka.

Kukan ne ya fito da Kaka. Da ta ji abin da ya faru, ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta, ta nuna mini robar da baki. Muka bi ta tana taka katakon da aka shimfiɗa kan kwata har ƙofar masallaci. Ta zauna a kan bulo, ta zaro miyondo ɗaya, ta yi ta fama da ɗaurin har ta kwance. Ta yi bisimilla, ta gutsura da 'yan haƙoran da suka rage mata. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma ta haɗiye.

Ta dubi samarin, duk sa'o'in jikokinta, ta ce, “Mazajen banza, hancinku ya fi cikinku wayo.” Sannan ta juya wurin Liman. “Malam, matar ɗana ce ta daka wannan saboda ɗakin Allah. In ba a cin nata a nan, a dawo mini da tuwona.”

Tuwo dai ya riga ya yi nisa. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Shi daɗaɗɗen Douala ne, ashe bai ma san an kawo ba. Ya wanke siminti daga hannunsa, ya aika a sayo gasasshen kifi da yaji, ya nuna wa samarin yadda ake kwancewa. Wanda ya ce ya lalace shi ya fi kowa tara ganye a gabansa.

Kaka da kanta ta ajiye robar wayam a ƙofar ɗakin Tanti. Ta ce, “'Yar nan, an cinye. Malam ya ce a ƙara ranar Juma'a. Ban san wa zai yi ba in kin tafi, ni dai ban iya ba.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Tanti ta fito ta durƙusa, ta kifa kanta a gwiwar tsohuwa tana kuka. Kaka tana shafa bayanta da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana laluben goro don ta kashe tsamin da ke bakinta. Kafin magariba akwati ya koma ƙarƙashin gado.

Yanzu masallacin bene ne, da tayil da fanka, ruwa ba ya ko kusantar ƙofarsa. Ba a gayya kamar da, kamfani ake ba aiki. 'Yar'uwata tana aikin ofis a unguwar Bonanjo, miyondo kuma a kasuwa take saye, ba mai lokacin daka. Amma Tanti tana nan, ita ce Kakar gidan yanzu, kuma ita ake fara aikawa idan an kawo amarya daga wata ƙabila, ta je da kwano ta ci abincin amaryar a gabanta. Wannan yana sanyaya mini rai duk lokacin da na ga unguwar tana canzawa.

Ranar sadakar rasuwar Kaka, miyondo Tanti ta daka ta aika masallaci. Muka zauna muna naɗewa, muna kuka muna dariya, don duk mun san da tana nan sai ta toshe hanci tukuna, sannan ta miƙo hannu.