Kirsimetin da ya faɗo cikin azumi

Mu biyu ne ungozoma a ƙaramin asibitin haihuwa da na fara aiki a Tsafe, ni da wata Sista 'yar ƙasar Zuru. Kirista ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce mata. Ta kama aiki tun muna jiha ɗaya da mutanen Zuru. Aka yanka jiha, aka sake yankawa, sai ta wayi gari baƙuwa a ɗakin haihuwar da ta fi kowa daɗewa a cikinsa. 'Yar kwantiragi aka mai da ita, ba ƙarin girma, ba fansho. Ni da ta koya wa riƙe almakashi ba tare da hannu ya yi rawa ba, ban jima ba albashina ya kamo nata har ya fara leƙa gaba. Ita ba ta ƙorafi. Ni ce mai baki, ni nake yi mata, in zagi gwamnati tas, in kuma karɓi nawa a ƙarshen wata in ƙulle a haɓar zani.

Akwai wata al'ada a tsakaninmu wadda ba wanda ya rubuta ta, kuma kusan duk asibitin da ka je a lokacin haka ake yi. Ƙaramar Sallah da babba ita ke riƙe ɗakin haihuwa, ni in ɗauki yarana in tafi Bungudu, inda mijina yake koyarwa kuma iyayensa suke. Kirsimeti kuwa ni nake riƙewa, ita ta tafi gida. Ko makaho ya san wa ya ci riba a wannan ciniki, biyu nake karɓa in biya ɗaya. Amma ɗayan nan ya fi biyuna nauyi. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ɗaya yana hannun mahaifiyarta a wani ƙauye can bayan Zuru, domin aikinmu ba ya barin mace ta yi reno ita kaɗai. Hanya ba kyau, kuɗin mota ba sauƙi. Sau ɗaya a shekara take ganin yaron, kuma sa'an babban ɗana ne.

A ƙarshen shekarar casa'in da takwas azumi ya matso har ya zamana Kirsimeti zai faɗo cikinsa. Wata rana da la'asar muna zaune a baranda muna naɗe auduga, ba mai naƙuda, sai tsokanata ta motsa.

Na ce, “Yaya, ku kam sallarku ta kafe wuri guda kamar turken awaki. Tamu tana zagaya shekara, ga ta nan ta biyo ku har gida. Wai shin wa ya hwaɗa muku ranar nan anka haifi Annabi Isa?”

Na zaci za ta ji haushi, sai ta yi dariya. Ta ce littafinsu bai faɗi rana ba. Abin da ya faɗa shi ne sarki ya ba da umarni kowa ya koma garin kakanninsa a ƙidaya shi, masauki ya cika, Maryamu ta haihu a inda ake ɗaure dabbobi, ta kwantar da jaririn a cikin komin da suke cin abinci, makiyaya ne kuma suka fara zuwa barka. Ranar kuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru manyan coci na ƙasar Rum suka tsayar da ita. Wasu sun ce sun ɗora ta ne a kan wani tsohon biki da mutanen can suke yi idan yini ya fara tsawo bayan tsakiyar sanyi. Wasu sun ce a'a, wata tara aka ƙirga daga ranar da mala'ika ya yi wa Maryamu albishir.

Na ce wannan na biyun lissafin ungozoma ne, shi na fi yarda da shi. Ni ma na ba ta namu, yadda naƙuda ta kai Nana Maryamu gindin dabino ita kaɗai, aka ce ta girgiza shi ta ci ta sha ruwa, da yadda Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi magana yana jariri ya wanke mahaifiyarsa. Ba mu yi gardama ba, kowa ta san inda ta tsaya. Abin da ya ba mu dariya shi ne a duka labaran biyu babu ungozoma. Sista ta ce, “Kin ga dalilin da ya sa ba a ganin ƙimarmu ranar albashi.” Muka yi ta ƙyaƙyata har mai gadi ya leƙo. Da dariyar ta lafa ta ce a ƙauyensu ba wanda ya damu da ranar daidai ce ko ba daidai ba. Su dai sun san lokacin da kowa yake dawowa gida ne, kuma yara tun da sassafe suke zuwa bakin hanya su jira mota.

A gidan surukaina na Bungudu kuwa, zancen albashi shi ne cin goron kowace ziyara. Tun da aka ba mu jiha, Gusau ta zama wurin rabon arziki, kowa yana da labarin wanda jiya yake kan keke yau yake bayan mota. Surukata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta jera ayyukan boko a kanta daki-daki, kuma ba ta kuskure. Lauya da injiniya a sama, sai na banki da na kwastan, sai likita, mu masu farin kaya a ƙasa da shi sosai, malamin makaranta kuma a gindin tukunya tare da ƙanzo. A gaban mijina take faɗa.

Takan ce, “Wanga ɗa nawa shi ya hi su karatu duka, shi ya hi su wahala. Wansa shina kawo buhun shinkahwa, shi alli ya ka kawowa ga riga.”

Mijina ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya yi ta tafasa, don na san gaskiya ta faɗa. Albashinsa ba ya ganin tsakiyar wata, wani lokacin ma watan ya wuce bai zo ba. Likitan da yake leƙo mu sau biyu a mako ya duba kati ya tafi, abin da yake ɗauka ya ninka namu ni da Sista a haɗe, kuma shi ma kuka yake yi wai abokansa na banki sun bar shi a baya. Kowa yana kallon na samansa. Ban taɓa jin wani ya waiwaya ba, har da ni.

Wan mijina, wanda injiniya ne, shi ya samo mini kujera a wata ma'aikata a Gusau. Aikin ofis ne, ba jini ba kwanan zaune, albashi ya fi, ga alawus, ga gidan haya da zai haɗa ni da mijina ƙarƙashin rufi ɗaya, shi ya riƙa hawa bas zuwa Bungudu kullum. Sharaɗin guda ne, in bayyana nan take, don akwai masu jiran kujerar da ƙafa a sama. Saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. Na ce da mijina ko a roƙa a ɗaga mini zuwa sabuwar shekara. Ya ce, “Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In kinka tsaya kunya, wata ta zauna.”

Na sami Sista tana wanke kayan aiki na faɗa mata. Ta ajiye abin da ke hannunta ta rungume ni, ta ce Allah ya sa alheri, in tafi kada in waiwaya. Ba ta ambaci Kirsimeti ba. Ni ma ban ambata ba, kuma wallahi yana bakina. Mu duka mun san shugaban asibitin ba zai rufe ɗakin haihuwa ba, ba kuma za a turo wata kafin sabuwar shekara ba.

Ga abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Na kama aiki a Gusau, ban gama sanin hanyar ofis ba aka ce an ba da hutun Kirsimeti. A asibiti ban taɓa sanin hutun gwamnati ba, jariri ba ya duba kalanda. A ofis kuwa kulle ƙofa ake yi kowa ya kama gabansa. Shekarar nan ranar ta faɗo Juma'a, hutun ya haɗe da ƙarshen mako. Daga Gusau zuwa Tsafe tafiyar da ba ta kai a gaji ba ce, motoci suna tashi kamar ƙudaje. Da na shiga ɗaya ranar Alhamis na ce wa shugaban asibitin ga ni, da hannu biyu zai karɓe ni, ita kuma ko kwana biyu ne ta samu ta ga ɗanta.

Na yi tunanin haka, kada in yi wa kaina ƙarya. Sai na shiga jera dalilai. Ina azumi. Kaya ba su gama zama a sabon gida ba. Surukata ta ce mu je Bungudu shan ruwa. Mijina ya ce ai yanzu ba na cikin ma'aikatansu, idan wani abu ya faru a hannuna wa zai tsaya mini? Duk gaskiya ne, kuma duk ba su ne dalilin ba. Dalilin shi ne na ɗanɗana barci bayan asuba, kuma ba na so mutanen Tsafe su gan ni cikin farin kaya bayan an gama yi mini murnar zama 'yar ofis. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Na ci Sallah biyu a shekarar, da lokacin aski ya zo na ɓoye askar.

Ranar Kirsimeti na wuni a kwance a kan tabarma ina jin rediyo. Maƙwabtanmu na Gusau suka dawo daga coci da kaɗe-kaɗensu, da yamma suka aiko da shinkafa da kaza suka ce a ajiye sai an sha ruwa. Gwamnati ta biya ni in huta a ranar sallar wata, mai sallar kuma tana can tsaye a kan mai naƙuda. Na ci shinkafar nan, ba zan ce ta ƙi wucewa ba. Ta wuce, har na ƙara.

Sai a goman ƙarshe na azumi na iya zuwa Tsafe, da hujjar kwaso sauran tukwanena. Tun a mota nake shirya abin da zan ce. Na so ta yi fushi, ta ɗaure fuska, ko ta yaɓa mini magana in samu abin riƙewa, don ni faɗa ba ya ba ni tsoro. Sai ta tarye ni da murna, ta ce na yi ƙiba, ta tambayi ofis, ta tambayi ko albashin ya kai yadda aka faɗa. Na ce ya kai. Ta ce madalla, ko ɗaya daga cikinmu ta tsira. An turo sabuwar ungozoma, yarinya Musulma 'yar Bilbis, har Sista ta riga ta ce mata ta tafi gida da Sallah.

Na ce, “Yaya, yaron fa?”

Ta ce lafiyarsa lau, wani direba ya kawo mata saƙo. Ya yi kwana biyu yana zuwa bakin hanya, daga baya kakarsa ta hana shi. Ta faɗa kamar mai ba da labarin farashin gero. Sannan ta sa hannu daidai ƙugunta ta ce, “Naki ya kai nan?” Na ce ya kai. Ta shiga ɗaki ta fito da leda. Riga da wando ne na shadda ruwan sama, da aiki a wuya, da 'yar hula, ɗinkin Gusau, ko guga bai bar jikinsu ba.

Ta ce, “So na yi in sa masa da hannuna, shi ya sa ban aika ba. Kafin baɗi ya fi ƙarfinsu. Ki kai wa ɗana na wurinki, ga Sallah ta zo.”

Na ce a'a, na rantse, na ture hannunta. Ta ce in ba raina ta na yi ba in karɓa. Na karɓa.

Ranar Idi ɗana ya sa su a Bungudu. Sun zauna masa cif kamar shi aka auna. Duk gidan da ya shiga yawon Sallah sai an juya shi an duba aikin wuyan. Surukata ta kama hannunsa ta zagaya da shi tsakar gida tana nuna wa mata, tana cewa, “Ku gani, wanga shi ne albarkar aikin ofis.” Ina tsaye a bakin madafi da ludayi a hannu, na juya na ci gaba da zuba miya.