Shayin Mama a Butar Gilashi

Shekarar da aka tura ni koyarwa Zuru ban san kowa a garin ba. Wata malama da na tarar a makarantar ce ta kai ni gidan wani tsohon soja mai ɗakin haya a bayan gidansa. Ni Bahaushiya ce daga Jega, Musulma, su kuwa Dakarkari ne, Kiristoci. Tsohon ya dube ni, ya tambaye ni ko ina yawan yin baƙi, na ce a'a. Ya ce to madalla, shi hayaniya ce ba ya so, saboda matarsa ba ta da lafiya. Tun daga ranar nake ce masa Baba, ita kuma Mama, su kuma suna kirana Malama.

Ciwon Mama ba a jiki yake ba. Tana tafiya da ƙafarta, tana share tsakar gida, wani lokaci ta gama ta sake farawa. Mantuwa ce ta kama ta. Lokacin da na zo tana jin Hausa sarai, don ta daɗe tana sayar da dawa da gero a kasuwar Zuru. Takan tambaye ni daga ina nake, in ce Jega, ta ce a da mutanenmu kan zo sayen hatsi wurinta, kuma sun iya ciniki. Kafin in kai ƙofar ɗakina sai ta sake tambayata daga ina nake.

Kullum bayan la'asar Baba kan fito da ƙaramin murhun gas ya ajiye a gindin mangwaron da ke tsakar gida, ya jawo wa Mama kujera 'yar tsugunno, sannan ya koma ɗaki ya ɗauko wata buta ta gilashi, yana riƙe da ita da hannu biyu. Ranar da na fara ganin ya ɗora ta a kan wuta, ban iya yin shiru ba. A gidanmu shayi a tukunya ake dafa shi, gilashi kuwa ko ruwan zafi ba a yarda a zuba masa.

Na ce, "Baba, ba za ta fashe ba?"

Ya ce, "Don wuta aka yi ta. Amma tana da doka. Zo ki zauna, Malama."

Na zauna. Ya gaya mini yadda aka yi butar ta shigo gidan. Da ciwon ya yi ƙarfi, Mama ta fara tsoron abin da ake ba ta. In an kawo mata kunu ko ruwa daga kicin sai ta ture, ta ce an sa mata wani abu a ciki. Ta rame, leɓenta ya bushe, kuma maganin asibiti ba ya shiga sai da abin sha. 'Yarsu da ke aikin jinya a Minna ita ta sayo butar ta kawo, ta ce a gwada dafa wa Mama abu a gabanta, inda za ta ga komai da idonta. Aka gwada, ta sha. Daga nan shayin la'asar ya zama abin da ake ba ta magani da shi, in an yi sa'a kuma ta haɗa da ɗan burodi ko ƙosai.

Baba bai yarda da shayi na 'yar jakar takarda mai zare ba, domin Mama ba ta ganin abin da ke ƙunshe a ciki. Ganye yake saye na awo, wurin wani ɗan kasuwa Ibo mai shago kusa da tasha, wanda ya san halin da ake ciki, yake ajiye masa mai manyan ganye, ba gari ba.

Na sha kallon yadda yake yi har na haddace. Zai fara nuna mata butar ba komai a ciki. Ya zuba ruwa tana gani, ya goge bayan butar da tsumma har ya bushe, ya kunna wuta kaɗan yadda harshenta ba zai wuce gindin butar ba. Sai a jira. Ƙananan ƙwayoyin iska su fara fitowa a ƙasa, su manne a jikin gilashin, can su saki su yi sama. Kafin ruwan ya yi tafasa mai ƙarfi zai rage wutar, ya buɗe gwangwanin ganye ya miƙa mata ta shaƙa, ya ɗebo a tafin hannunsa ya zuba, ya jefa 'yar dakakkiyar citta. Ganyen ya yi ta yawo a saman ruwa, ya buɗe, ya riƙa nutsewa ɗaya bayan ɗaya, launi na bin sa kamar zare har ruwan ya koma ja. A wannan lokacin Mama ba ta motsi. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya sai ta tattara hannuwanta a cinya ta zuba wa butar ido. Ya sauke a kan katako, ba a kan siminti ba, ya tace a kofi uku tun da na fara zama da su. Shi ke fara kurɓa, sannan ita.

A wajen wannan zaman na ji yawancin labarinsu. Ya ce shekaru ya yi yana noman golmo a gonar mahaifinta, shi da abokansa, kamar yadda al'adarsu ta tanada kafin a ba saurayi mata. Ya ce ita ke kawo musu ruwa gona, kuma ba ta taɓa ɗaga kai ta dube shi ba. Bayan aure ya shiga soja, ta bi shi bariki bariki, a nan Hausarta ta nuna. Yana ba da labarin tana zaune a gefe, wani lokaci ta yi murmushi kamar ana maganar wasu mutane da ta taɓa sani.

A hankali Hausar ta fara zube mata. Da farko sunayen abubuwa ne suka tafi, ta nuna kofi ta rasa abin da za ta ce. Daga baya in na gaishe ta sai ta amsa da Dakarci. Ranar da na ce, "Mama, ina wuni?" ta dube ni kamar ban yi magana ba, na shiga ɗaki na daɗe a zaune ban cire mayafi ba. Baba ya ce in daina damuwa, ta koma harshen da uwarta ta yi mata magana da shi ne, shi ma yanzu da Dakarcin kaɗai yake samunta.

Ana cikin haka shi ma jiki ya motsa masa. Ciwon mafitsara ne, likita ya ce sai an yi aiki a Sakkwato. 'Yarsu ta zo tafiya da shi, aka ɗauko ƙanwar Mama daga wani ƙauye kusa da Ribah don ta zauna da ita. Dattijuwa ce mai haƙuri, tana iya wanka da girki da komai, amma da ta ga gilashi a kan wuta ta ja da baya, ta ce ita hannunta na rawa, kada ta fasa musu abin da babu irinsa a kasuwa.

Ana gobe za su tafi Baba ya ƙwanƙwasa ƙofata. Bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Malama, zan roƙe ki abu. Na san kina dawowa a gajiye."

Na ce, "Baba, shayin ne? Ai ko ba ka faɗa ba."

Ya ce, "Ki fara sha kafin ita. Kada ki manta da wannan."

Ranar farko na yi komai yadda na gani. Na nuna mata butar, na zuba ruwa, na goge, na jira. Amma da na zo tacewa iska na kaɗa tururin zuwa fuskata, sai na juya na ba ta baya. Da na miƙa mata kofin ta kawar da kai, ta ture hannuna har shayin ya zuba a zanena. Ƙanwarta ta lallashe ta da Dakarci, ta ƙi. Na zubar, na bar butar ta huce, na wanke, na sake farawa tun daga ruwan sanyi, wannan karon ina fuskantarta har ƙarshe. Magariba ta kusa kafin ta karɓa. Ta sha rabi, maganin ya wuce.

Daga nan muka saba. Takan yi mini magana mai tsawo tana kallon ganyen na nutsewa, ni kuma ina cewa "to, Mama" ba tare da na fahimci ko kalma ɗaya ba. Wata rana na tambayi ƙanwarta abin da take faɗa. Ta ce, "Ta ɗauka ke ƙawarta ce ta ƙuruciya. Tana tambaya ko samarin sun iso gona, wai ku yi sauri ku kai musu ruwa kafin rana ta yi." Na ce ta gaya mata sun iso, kuma an kai. Da aka gaya mata ta gyaɗa kai, ta miƙo kofi a ƙara mata.

Aikin Baba ya zo da matsala, zamansu a Sakkwato ya yi tsawo fiye da yadda aka zata. Da ya dawo, na ga mutumin da ya tafi da ƙafarsa ana riƙe da shi ana sauko da shi daga mota. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana dogara sanda. Lokacin la'asar ne, butar na kan wuta. Ya tsaya a bakin tsakar gida ya kira matarsa da sunan da yake kiranta. Mama ta ɗaga kai ta dube shi, ta kama gefen zanena ta matso kusa da ni. Ba ta gane shi ba.

'Yarsu ta juya ta koma waje da sauri. Baba ya nemi kujera, aka kawo masa, ya zauna ɗan nesa da ita yadda baƙo zai zauna. Na zuba ganye. Muka jira ya nutse. Na tace, na kurɓa, na miƙa mata. Ta riƙe kofin, ta dubi mutumin da ke zaune, ta daɗe tana dubansa, sannan ta miƙa masa kofin ta yi wata 'yar magana. Ya karɓa da hannu biyu ya amsa mata.

Na ce, "Baba, me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce in sha, da alama daga nesa nake." Ya kurɓa ya ƙara da cewa, "Haka take tun can. Baƙo ba ya shiga gidanta ya fita da ƙishirwa."

Bai sake iya tsugunawa gaban murhu ba, don haka shayin ya zauna a hannuna. Kullum zai fito ya zauna a kujerarsa, ta dube shi ta ba shi kofinta, ni in zuba mata wani. Wata rana takan yi masa hira, wata rana ta yi shiru. Ban taɓa jin ya yi ƙoƙarin tuna mata ko shi wane ne ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce in ya matsa mata tsoro take ji, gara ta ɗauke shi baƙo tana sake da shi.

Mama ta rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Na je cocinsu na zauna a baya tare da matan unguwa, aka yi waƙoƙi da Hausa da Dakarci. A ƙauyensu aka binne ta. Mota ta kai mu Ribah, daga nan muka hau babura saboda hanya ta lalace, muka ratsa gonakin dawa da ta kai ƙugu. Baba ya tsaya a bakin kabarin da sandarsa har aka gama, bai yarda an kawo masa kujera ba.

Da baƙi suka watse gida ya yi shiru, na rasa abin da zan yi da la'asar. Sai kawai na fito da murhun, na ɗauko butar. Baba na zaune a gindin mangwaro yana kallona har na zuba ruwa.

Ya ce, "Malama, bar shi."

Na ce, "Ko ɗan kaɗan, Baba? Ba ka ci komai ba tun safe."

Ya ce, "In gaya miki gaskiya, ni shayi bai taɓa damuna ba. Na sha shi a soja har ya gundure ni. In za ki taimake ni, kunun dawa nake so, mai tsamiya."

Ban iya kunun dawa irin nasu ba. Na je wurin maƙwabciya ta ba ni gari ta kwatanta mini, na dama, ya yi gudaji. Ya sha duk da haka, yana tsince gudajin da cokali, ya ce gobe in riƙa zuba ruwan a hankali. Na yi masa washegari, da ranar da ta biyo baya, yana gyara mini, har ya daina tsince komai. Kafin kaka 'yarsa ta zo ta tafi da shi Minna, wani ɗan ƙanensa ya tare a gidan da iyalinsa. Ni kuma na zauna a ɗakina har ƙarshen zangon karatu, sannan na nemi wani kusa da makaranta.