Mahasin Mai Sauraron Duniya Daga Saman Bene

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Litinin, sha huɗu ga Oktoba 2024, wadda ta zo daidai da sha ɗaya ga Rabi'us Sani 1446, Allah Ya karɓi ran Ustaza Mahasin Ukasha a wani asibiti da ke Ma'adi, nan Alƙahira, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ta rasu tana da shekara sittin da uku. Ta bar 'ya'ya biyu, Amna da Hamad, da jikanya ɗaya, Shahd. Washegari aka kai ta makwancinta a maƙabartar da ke bayan garin Sitta Uktubar, nesa ƙwarai da Omdurman inda ta so a binne ta.

Yaya Mahasin, tun ranar nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Yau dai na daure na zauna, don kada a ce an yi irinki a cikinmu ba a rubuta ba.

Haɗuwarmu da faɗa ta fara. A bazarar 2023 ne, ba ku daɗe da tarewa a hawa na shida na gidan da muke haya a Hadayik el-Ma'adi ba. Na hau saman bene da wanki, na tarar da sabuwar waya siririya an ɗaure ta daga jikin tankin ruwa zuwa wata doguwar gora. Na ce kai, wani ya kyauta, na shanya zannuwan gado har da jallabiyar maigidana Lawali. Ban gama sa maƙalai ba sai ga wata dattijuwa cikin farin tobi, lulluɓin matan Sudan, tana haki, tana zuba mini Larabcin Sudan. Ni kuma na ce a ƙasan maƙoshi, da Hausa, wannan tsohuwa da fitina take. Kika tsaya cak, kika dube ni.

"Tsohuwar tana jin ki, 'yar nan. Sauke mini kayanki daga kan eriyata, sannan ki zo ki sha shayi."

Kunya ta kusa kashe ni. A kan shayin nan na ji tarihinki. Kakanninki daga Haɗeja suka taso da niyyar hajji, suka yada zango a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, zangon ya zama gida. Mahaifinki ma'aikacin talgiram ne a tashar jirgin ƙasa ta Sinnar, shi ya koya miki Mos, saƙon da ake aikawa da ƙwanƙwasa, da cokali a jikin kofin shayi tun ba ki iya karatu ba. Kin girma kin zama malamar kimiyya a sakandaren 'yan mata a Omdurman. Kina da lasisin masu rediyon sha'awa, mutanen nan da ke kafa ƙaramar tasha a gida su riƙa gaisawa da takwarorinsu na ƙasashe ta cikin iska. Kika ce kin yi magana da Japan, da Brazil, da wani manomi a Finland da kullum yake tambayarki ko rana ta faɗi a Sudan. Hausarki irin ta kakanni ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana da rai a Gusau.

Da yaƙin Sudan ya iso unguwarku, babbar na'urarki mai aikawa da karɓa ba ta fita ba. Kin san abin da zai sami wanda aka kama da irinta a shingen 'yan bindiga. Ke da Hamad kuka naɗe ta da leda kuka binne ta a gindin lemon tsakar gida. Ƙaramin akwatin sauraro kawai kika ɗauko, kika cusa shi cikin kayan Shahd. Hamad ya raka ku tasha, ya ce zai tsaya ya kula da gida, abin ba zai daɗe ba.

A nan Masar lasisinki na Sudan ba ya aiki, kuma ba abu ne mai sauƙi ba a ba ɗan gudun hijira izinin aika magana ta iska. Kin nema, aka ce ki jira, kika yi ta jira. Ban taɓa jin kin yi tunanin karya doka ba. Sai dai na sha ganinki idan wani tsohon abokinki ya fito yana kira ko akwai mai amsawa. Yatsanki yakan riƙa ƙwanƙwasa teburi yana ba shi amsar da ba zai ji ba. Wata rana na tambaye ki ko abin yana ci miki rai. Kika ce, "Ma'alish, ba komai, ƙanwata. Na yi surutu shekara talatin, yanzu Allah Ya ce in yi saurare."

Saman benen nan kin mai da shi wurin aikinki. Tsakanin farantan satalayit da suka yi tsatsa da ɗakin tantabarun maƙwabta kika sami wa wayarki hanya. Kika ja ni har kasuwar Babul Luk muka sayo wayar tagulla da dalma, kika yayyanka tsohon bututun ruwa na roba kika sa a bakin wayar don kada ta taɓa ƙarfe. Da gora ta karye, sandar kamun kifi kika samo. Bawwab, mai gadin gidan, da farko ya rantse leƙen asiri kike yi. Kika kira shi, kika sa masa abin ji a kunne, kika kamo masa karatun Alƙur'ani daga wata ƙasa mai nisa. Tun daga ranar shi ke korar duk wanda ya matso kusa da wayar.

Ban manta abin da kika yi mini ba lokacin da mahaifiyata ta rasu a Gusau ban sami zuwa ba. Na daina cin abinci, na daina fita. Ba ki yi mini dogon wa'azi ba. Kin yi kwanaki kina hawa da sauka da ciwon gwiwarki, kina sauya wa eriya fuska zuwa kudu maso yamma. Ran nan gab da magariba kika aiko Amna ta kira ni. Cikin shuuu ɗin akwatin sai ga wata tashar Hausa ta ɓullo, ana gaishe-gaishen masu saurare, ana kiran sunayen garuruwanmu, murya tana zuwa tana ɓacewa. Na ce ai ina iya jin wannan a wayata. Kika ce, "Kina iyawa. Amma wannan muryar Sahara ta ƙetaro ta faɗo kan rufinki. Zauna ki ji." Na zauna. A ranar na yi kukan da ya ƙi fita tun da aka aiko mini da rasuwar, kina riƙe da hannuna.

Ba ni kaɗai ba ce. Ɗakinki bai rabu da matattun rediyoyi da fitilun caji na 'yan gudun hijira ba, kina gyarawa da gilashi a kan hanci, hayaƙin dalma yana sa ki tari. Waɗanda yaƙi ya katse wa karatu kina zaunar da su a tabarma kina yi musu darasi. Lokacin da layukan waya suka ɗauke a Sudan a farkon wannan shekara, falonki ya riƙa cika bayan la'asar. Maza a bakin ƙofa, mata a ciki, kowa ya yi tsit yana jiran labarai a gajeren zango ko za a ambaci unguwarsu. Kina juya maɓalli a hankali, kina fassara wa wanda bai ji ba, kina sassauta abin da ya yi muni.

Alhali ke ce kika fi kowa ɗaukar nauyi a ɗakin. Hamad ya bar Omdurman ya koma garin Madani, kuma tun da yaƙi ya shiga Madani a watan Disamba ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba ki taɓa yin kuka a gaban mutane ba. Amna ce ta gaya mini ba kya iya haɗiye abinci idan aka dafa abin da yake so.

A nan ne Duktura Samar ta shigo. Likita ce 'yar Masar da ta yi ritaya, tana zaune a unguwar Dokki, tana da lasisi da eriya babba a kan gidanta. Kun yi shekaru kuna gaisawa ta iska ba ku taɓa ganin juna ba sai da hijira ta kawo ki garinta. Ita ta riƙa faɗa wa duk wanda ta kama a zango cewa ana neman Hamad ɗan Ustaza Mahasin, dogo, mai tabo a gira. Cikin waɗanda suka ji akwai wani mutumin Nairobi da ke da abokai masu aikin agaji a gabashin Sudan. Ya ce zai bincika.

Ranar wata Alhamis bayan ƙaramar salla ina ɗakinki muna tsince shinkafa, akwati a kunne, don ranar ce Duktura takan yi magana da mutumin Nairobi. Muryarta da ke nan Dokki da ƙyar ake ji, amma tasa daga Nairobi tana fita tar. Kin taɓa yi mini bayanin dalilin haka, ban riƙe ba. Ingilishi yake yi, ni ban fahimci komai ba sai sunan Hamad. Na ga farantin ya sulluɓe daga cinyarki. Mutumin ya maimaita a hankali: a gaya wa malama ɗanta yana raye, yana Gadarif, ya ji rauni a ƙafa amma yana takawa.

Kika rungumi akwatin nan da hannu biyu kina ɗaga murya, "Na ji ka! Ni ce uwarsa, na ji ka!" Ke da kika fi kowa sanin akwatin ba ya aika komai. Sannan kika zube kika yi sujada a kan shinkafar da ta watse. Wayarki tana ta ƙara a kan kujera, Duktura ce ke kira ta yi miki albishir, ba wanda ya iya tashi ya ɗauka.

Bayan haka kun yi magana da Hamad ta waya. Ya lallaɓa har Wadi Halfa, bakin iyaka, ya shiga layin masu jiran biza. Wata ya bi wata. Ya ce miki zai bi masu fasa-ƙwaurin mutane ta hamada kamar yadda wasu ke yi. A lokacin zafi ya tsananta, ana ta kawo labarin waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanya. Ina wurin kika ce masa, "Ban yafe ba idan ka hau motar nan. Ka zauna. Ina nan, ba inda za ni." Ya bi maganarki.

Ciwon sukari ya daɗe yana cin ki a ɓoye, ya taɓa ƙoda. Kina cikin darasi jiri ya kwashe ki. A asibiti, duk lokacin da kika farfaɗo tambayarki ɗaya ce, ko biza ta fito. Ta fito, Yaya. Ta fito a makon da ya biyo bayan jana'izarki.

Ranar da Hamad ya iso, ni na buɗe masa ƙofar gida, don Amna ta kasa saukowa. Na gane shi da tabon girar. Ya hau matakala yana jan ƙafa, ya tsaya a bakin ɗakinki ya kasa shiga. Can ya juyo ya ce mini, "Khalti, innata, da na saɓa mata sau ɗaya, da na same ta." Na gaya masa abin da na ji da kunnena. Ana gobe za ki rasu kika ce wa Amna ba ki yi nadama ba, gara a ce yana Halfa yana jin haushinki da a ce kina nan kina jiran gawar da ba za a kawo ba. Kika ce a gaya masa kin yarda da shi duniya da lahira. Ya durƙushe a wurin, kukan da ya yi har yanzu yana kunnena.

Alhamis da ta wuce Duktura Samar ta gayyace mu gidanta, ni da Amna da Hamad. Ta ce masu wannan sha'awa suna da al'ada idan ɗayansu ya rasu. Ta kunna na'urarta, ta ɗauki makirfo, ta kira lambarki ta rediyo ta Sudan, wadda aka san ki da ita a iska, ta saurara. Ta sake kira, ta saurara. A na uku muryarta ta karye. Babu abin da ke fita sai shuuu. Sannan ta sanar cewa mai wannan lamba ta yi shiru, ba za a ƙara jin ta ba. Ba mu ankara ba sai muryoyi suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, daga Nairobi, daga Amman, daga Italiya, daga wuraren da ban san sunansu ba. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarki ba, wani yana cewa ke kika ƙarfafa masa gwiwa ranar da ya fara, wani yana cewa Allah Ya jiƙanki da Larabcin da bai nuna ba. Hamad yana zaune ya sunkuyar da kai, yana amsa kowane ɗaya da amin a hankali.

Ya Allah, ga baiwarKa Mahasin ta zo maKa baƙuwa, an raba ta da gidanta, ta yi haƙuri. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha da hijirar da ta yi su zama kaffara. Ka sa ilimin da ta koyar da zukatan da ta sanyaya su zama sadaka mai gudana. Ka haɗa ta da iyayenta a Aljannar Firdausi. Ka kawo ƙarshen wannan yaƙi, Ka mai da kowa gidansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Amna da Shahd, da dangi na Mai Wurno da Omdurman duk inda gudu ya kai su, da Duktura Samar, da dukan jama'armu na Hadayik. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Kai kuma Hamad, ɗana, ka daina tuhumar kanka. Biyayya ka yi, kuma mahaifiyarka ta tafi tana sa maka albarka. Allah Ya warkar da ƙafarka, Ya sanyaya zuciyarka, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani.

Indo Lawali
Hadayik el-Ma'adi, Alƙahira