Ranar da na miƙe a cikin kwalekwale

Shekarun baya kaɗan, ina aji uku a kolej, aka yi wata damina da koramar da ke tsakanin ƙauyenmu da Guci ta cika ta tumbatsa, ta cinye hanyar kasuwa. Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka sani bai wuce na rijiya da na tafkin da shanu ke sha ba. Sai ga wani masunci daga Najeriya ya ɗoro kwalekwale a kan amalanke, ya fara fito, yana haye da mutane duk ranar kasuwa.

Lokacin hutun lakwal ne, wato makarantar boko. In mun je wanki bakin ruwa sai in ishi mai fiton nan da tambaya. Shi ya koya mini cewa gaban jirgi goshi ake ce masa, katakon tuƙi filafili, doguwar sandar da yake dogarawa a ƙasa kuma gora. Ruwa in ya taru a cikin jirgi yashe shi ake yi. Wurin da gora ba ta taɓa ƙasa shi ne gurbi. Duk na rubuta a bayan kayena, littafin rubutuna na lissafi, ina yi wa ƙawayena burga kamar a ruwa aka haife ni, ni da ko iyo ban iya ba. Akwai kuma doka ɗaya da yake maimaitawa kowane sawu: in jirgi ya bar gaɓa ba a miƙewa, ko kunama ce ta harbe ka.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, mu uku muka fito daga gida: ni, mahaifiyata, da Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ke sayar da daddawa. Gwaggo ta tsaya gaisawa da wasu, ita ce ta shigo ƙarshe. Katakon zama duk ya cika, sai ta zauna a ƙasan jirgin ta baya, ta rungume kwandonta. Lokacin ƙasan a bushe yake. Muna kaiwa tsakiya ruwa ya fara tsattsafowa.

"Kai ɗan ruwa, wannan akushin naka yoyo yake yi," in ji Gwaggo. "In daddawata ta jiƙe, kai da iyalinka za ku sha miyarta har kaka."

"Iya, saura kaɗan. Ga ƙoƙo nan kusa da ke, ɗan yashe mana."

"Ku ji min mutum. Fito na zo ko ƙwadago?"

Aka yi dariya. Mahaifiyata ba ta yi ba. Ta waiga ta ga zanen Gwaggo ya jiƙe har cinya, sai ta mintsine ni.

"Ke, ba ki da ido ne? Yaya na zaune cikin ruwa, ke kin hakimce a kan katako kamar wata madam."

"Inna, an ce ba a..."

"Tashi."

Tun ina ƙarama ban taɓa zama a kan kujera babba na ƙasa ba. Ƙafafuna suka riga kaina. Na miƙe.

Jirgin ya karkata hagu. Na ji mai fito yana cewa a zauna, kowa ya tsaya inda yake, amma ba wanda ya san jirgi a cikinmu. Mutane suka yi dama gaba ɗaya don gudun ruwa, sai jirgin ya bi su, ya kife. A daidai gurbi muke.

Ruwan ja ne, ba na ganin komai. Wani abu ya bugi kafaɗata na riƙe, ashe gora ce mai fito ya miƙo. Ya ja ni ya ɗora hannuna a bayan jirgin, ya sake nutsawa. Ya fitar da mahaifiyata, ya fitar da wasu. Gwaggo ba a same ta ba sai bayan la'asar, can ƙasa inda ruwa ya tara ciyayi.

Da maigari ya tara mutane ya tambayi yadda aka yi, ina bayan mata. Mai fito ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da kai.

"Ranka ya daɗe, lodi ne ya yi yawa. Ni na ɗauka, laifina ne."

Aka ce ya kwashe jirginsa ya bar garin. Na ga lokacin da ake ɗaure kwalekwalen a kan amalanke, ban iya zuwa na yi masa ko sallama ba.

Mahaifina ya ce kwana ne ya ƙare, bai ƙara tayar da maganar ba, kuma ban san ko ya sani ba. Ni da mahaifiyata ba mu taɓa zancen ba, sai rana ɗaya tana yi mini kitso, hannunta ya tsaya a kaina, ta ce a hankali, "Ni na ce ki tashi." Na ce, "Ni kuma na san dokar, Inna." Ta ci gaba da kitson, ina jin hawayenta na sauka a wuyana.

Daga baya an yi gada a wurin, amma har yau in zan haye sai na rufe ido. Yanzu ina zaune a Magarya, kuma akwai abin da ya rage mini wanda ban iya gyarawa ba. Kwanan baya a asibiti, ina kan benci muna jiran likita, wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ba wurin zama. Na so in tashi, wallahi na so. Gwiwoyina suka ƙi, gumi ya karyo mini, na riƙe bencin da hannu biyu.

Matar da ke gefena ta tashi ta ba ta wuri, ta harare ni.

"'Yan lakwal ɗin yanzu ba tarbiyya," in ji ta.

Na sunkuyar da kai na ce, "Gaskiya ne, Hajiya."