Rasuwar Da Ke Jiran Layi

Babu labarin da ke fita daga gidan jaridar nan sai da izinin Malam An-Karɓa. Haka yake gaya wa surukansa. Teburinsa dai yana bayan firinta, dab da ƙofar bayi, kuma aikinsa kula da manhajar da editoci ke zuba labarai a shafin intanet.

Shi ya tsara ta yadda ba ta tsayar da kowa. Kana danna maɓalli za ta ce maka "An karɓa", sai ta jefa buƙatarka a layi, ta yi aikin lokacin da ta samu sarari. Daga nan ya samo sunansa. Matarsa ta ce a gida ma haka yake.

Da mai jaridar ya kwanta asibiti, edita ta rubuta sanarwar rasuwarsa ta ajiye, saboda shiri. Wata safiya hannunta ya zame kan "Wallafa". Ta yi maza ta danna "Janye", sannan ta zo bayan firinta.

"Malam, ta janye ko?"

"Me ta ce miki?"

"An karɓa."

"To, Hajiya, zauna tukuna."

Ya leƙa layin. Bai taɓa koya wa manhajar bin wanda ya riga zuwa ba. "Janye" ta wuce gaba, ba ta tarar da komai ba, ta ba da rahoton an gama. "Wallafa" kuwa tana nan a bayan wani ƙaton bidiyo, tana matsowa.

"Cire ta mana!"

"Ban yi mata ƙofar fita ba."

Kowa ya san mai jaridar ya sha rantsuwa cewa ko a gadon mutuwa sai ya karanta jaridarsa, kuma ya taɓa korar mutum kan waƙafi. Suka zuba wa allo ido har bidiyon ya wuce, marigayin ya bayyana da hotonsa yana murmushi.

Malam ya sake danna "Janye". An karɓa. Wasu bidiyoyin na gabanta.

Har yamma sanarwar na shafin farko. Ya wanke kofinsa, ya sa a jaka, ya ajiye waya a gabansa yana jiran kira daga asibiti. Ba ta yi ƙara ba.

Washegari ya duba ƙididdigar masu karatu don ya san girman ɓarnar. Ban da shi da edita, babu wanda ya buɗe shafin.