Kakin da Zai Kai Motar Marigayi Watan Afrilu

Mun tashi daga Gaithersburg, kusa da Washington, da asubar Asabar ɗin da ta wuce, ni da maiɗakina, bayan na ɓata kusan minti ashirin ina kankare ƙanƙarar da ta manne a gilashin mota. Woodbridge muka nufa, gidan wani aminina da ya rasu a watan Disamba. Tare muka yi sakandare a Zariya, shi ɗan Filato, ni Bakano, Allah Ya sake haɗa mu a ƙasar nan bayan shekaru. Ya bar mata, ma'aikaciyar jinya ce, dukkanmu Sista muke ce mata. Ya kuma bar mota.

Motar ce dalilin tafiyar. Launinta kore ne mai duhu, ƙirar Faransa, irin wadda kowane makaniki a gida zai kwance ya ɗaura ido a rufe. Ba don kansa ya saye ta ba. Ya yi wa mahaifinsa alkawarin zai aika masa da ita, har ya sa hotonta a wasiƙa, Baba kuma ya zagaya da hoton gida gida. Yanzu Sista ce ta ɗauki alkawarin. Takardun canza suna ba za su kammala ba sai wajen Afrilu, sannan a kai motar tashar jirgin ruwa ta Baltimore. Kafin nan dole ta ci gaba da kwana a waje, a bakin titi, don gidan ba shi da gareji. Abin da ya kai mu shi ne neman man da za a shafa mata ya tsare fentin har sanyi ya wuce.

Wanda bai zo ƙasar nan ba zai ce me sanyi zai yi wa ƙarfe. Ba sanyin ba ne, gishiri ne. Idan dusar ƙanƙara ta sauka, manyan motoci ne ke bin tituna suna watsa gishiri don ta narke. Ran da na fara gani tsayawa na yi baki buɗe, ina tuna yadda tsohuwata ke auna shi da ɗan yatsa. A kan babbar hanyar da ta zagaye Washington kowace mota ta yi fari fat daga taya zuwa rabin ƙofa, kamar wadda ta fito daga injin niƙa. Muka haye kogin Potomac, gefensa duk a daskare, muka shiga Virginia. Hanyar 95 ranar aiki wurin koyon haƙuri ce, amma da safiyar Asabar sai mu da masu tirela.

Mun tarar Sista ta dawo daga aiki ba jimawa, ko rigar asibiti ba ta cire ba. Ta rame. Muka gaisa, muka sake yi mata ya haƙuri, ta kawo mana gwaten acca mai zafi, da accar da wani ya zo mata da ita daga Jos da alayyafon kanti. Maiɗakina ta yaba, Sista ta ce yakuwa ce babu, da mun ji gwate. Ban taɓa cin abinci a gidan nan ba tare da mai gidan yana tsokanata cewa Kanawa ba su san daɗi ba, sai ranar.

Sannan muka fita wurin motar. Tana nan lulluɓe da tamfol, an ɗaure da igiya ta ƙasa. Ni na sa aka yi haka. Ranar da aka dawo daga jana'iza, na ga motar a tsaye yadda ya ajiye ta da ya dawo daga aiki ranarsa ta ƙarshe, na ce, Sista, a rufe ta, kada ta lalace. A gida haka ake yi, motar da ake ji da ita ita ake sa wa riga. Ni da hannuna na ja igiyar.

Muka yaye tamfol ɗin. Cikinsa jiƙe yake sharkaf. A ƙasan ƙofofi fenti ya yi ƙuraje, na danna ɗaya da farce sai ga jan tsatsa. A kan bonet akwai wurare uku da iska ta yi ta goga tamfol ɗin har fentin ya dusashe, ɗaya ma ya ɓare. Sista ta naɗe tamfol ɗin a hankali ta ajiye gefe.

Batir ya mutu, sai da muka ja wuta daga tamu motar. Wani abokin aikina ya taɓa ba ni labarin wani dattijo Bature a Manassas wanda aikinsa ke nan, gyaran fenti, kuma garejinsa akwai hita mai ɗumama wurin. Na shiga motar marigayi na ja, matan suka biyo ni a tamu, don Sista ta ce ba za ta iya shiga ba tukuna. Hanyar ƙarama ce, tana ratsa daji da gonaki, itatuwa duk tsirara. Hularsa ta sanyi na kan kujerar gefe, kaset ɗin waƙoƙin cocinsu na cikin rediyo. Ban kunna ba, ban kuma taɓa hular ba. Sau biyu na ɓata hanya, sai da na tsaya gidan mai na sayi taswira da kofin shayi wanda in a Kano aka ba ka shi za ka ce an raina ka.

Dattijon gajere ne, hannuwansa duk sun tsattsage. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta da tocila, sannan ya tambaya da me ake wanke ta. Sista ta ce mai ita kullum da safe yake wanke ta da bokiti da garin sabulun wanki, ko ana sanyi, har maƙwabta na leƙe ta taga. Dattijon ya ce wannan sabulun shi ke cinye duk man da aka shafa, ya bar fenti ba kariya. Amma ya ce ba shi ne babban laifin ba. Babban laifin shi ne rufe mota da gishiri a jikinta, a hana ta shan iska wata biyu. Ya tambaya wa ya ba da wannan shawara. Na ce ni ne. Na ƙara da cewa injiniya ne ni, ban san me ya sa na faɗi haka ba, wataƙila don kunyar ta cika. Ya dube ni ta saman tabarau bai yi dariya ba, na kuwa gode masa a raina.

Ya ɗauko abu biyu ya ɗora a kan tebur. Na farko gwangwani ne mai faɗi, a ciki kaki ne ruwan ɗorawa, wai daga ganyen wata bishiya ake samo shi. Ya shafa kaɗan a bayan motar ya goge da tsumma, wurin ya ɗau ƙyalli har ina ganin fuskata. Ya ce wannan shi ne na masu son a kalle su, amma a irin wannan gishiri ba ya wuce mako shida. Na biyu ruwa ne fari a kwalbar roba, haɗin kemikal, ya ce bai daɗe da shigowa kasuwa ba. Ba shi da ƙyallin na farko, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na gwangwanin, amma yana kama fenti ya zauna wata biyar ko shida, ya bar jiki sumul. Sharaɗinsa sai mota ta wanku ta bushe, kuma a wuri mai ɗumi, don a cikin sanyi ba ya kamawa. Ya ce ko wanne aka zaɓa, ba ya tsare ƙarƙashin mota. Wannan sai an riƙa kai ta wurin wanki ana feshe cikinta da ruwa duk bayan saukar dusar ƙanƙara.

Ni da na riga na yi ɓarna da shawara, na bar wa Sista zaɓin. A raina na san wanda marigayi zai ɗauka, mutumin da ko takalminsa sai ka ga hasken fitila a kai. Sista ta daɗe tana kallon wurin da ke ƙyalli. Daga baya ta nuna kwalbar.

"Injiniya, wannan za a sa," ta ce da ni da Hausa. "Ƙyallin ba zai yi wa Baba amfani ba. Idonsa ya tafi tun bara, inuwa kawai yake gani. Da hannu zai duba ta."

Ban san da wannan ba. Aminina bai taɓa faɗa min ba.

Aikin ya ci yini. Aka wanke ta ciki da bai, aka busar, dattijon ya kankare tsatsar da takardar yashi ya ɗiga fenti a wuraren. Ya ce waɗannan a bar su ba mai sai fentin ya yi ƙwari, kuma kada mu sa rai za su ɓace, sai in za a sake fentin motar gaba ɗaya. Ya ba ni tsumma ya nuna min yadda ake shafawa, kaɗan kaɗan, a bari ya yi hazo sannan a goge. Na cire kwat na kama. Matan suka je wani kanti suka dawo da gurasa da soyayyen kifi, muka ci a tsaye, dattijon ya ƙi karɓa sai da maiɗakina ta nace.

Da aka gama, Sista ta matso ta ɗora tafin hannunta a kan bonet, ta rufe ido, ta fara tafiya a hankali tana shafawa. Hannun yana zamewa har ya kai wurin da fentin ya ɓare, ya tsaya.

"Nan zai tambaya," ta ce.

"Ki ce masa ni ne, Sista. Ni na sa aka rufe ta."

"Zan ce masa sanyin ƙasar ne. Ai ba ƙarya na yi ba."

Na juya na yi kamar ina neman kwat ɗina, don hawaye sun zo min a gaban mutane.

Muka mayar da motar Woodbridge kafin magariba, na ajiye ta a buɗe, na sa tamfol ɗin a but ɗin tamu motar don kada wani mai kyakkyawar niyya ya sake mayar da shi. Muka yi da Sista cewa duk Asabar ɗin da aka zuba gishiri zan zo in kai ta wanki har ranar da za ta hau jirgi. A hanyar gida maiɗakina ta ce in tuna mata ta nemo wa Sista busasshiyar yakuwa.

Abin da tafiyar nan ta koya min, game da mota, shi ne a wanke gishiri, a bar ta ta sha iska, a zaɓi man da zai daɗe ko da bai ƙyalli. Game da kaina kuwa, na gane shekara bakwai a ƙasar nan ba su sa na san ta ba, kuma mai makoki duk abin da ka ce masa yi zai yi, don ba shi da ƙarfin tambaya. Washegari bayan sallar asuba na rubuta wa Baba wasiƙa, na faɗa masa yadda aka yi wuraren nan uku a kan bonet, da wanda ya jawo su. Zan sa ta a aljihun gaban motar, wani ya karanta masa. Ɗansa tsaf ya bar ta, ina so ya san haka.